MAI TURARE, KWASTOMAN AUTA NA FARKO

Shafi na 21

Masu turo min saƙo kuna cewa na bar ku a rataye kwana uku, ku yi haƙuri, ba wulaƙanci ba ne, wayata ce ta faɗa cikin bokitin wanki. Ita kuma baiwar Allahn da ta rantse in Auta ta rasa kwangilar nan ta daina karantawa, to ki nemi wuri ki zauna, don shafin yau ba a karanta shi a tsaye.

*

Sau huɗu ke nan Auta tana duba wayarta cikin minti goma. Saƙon da ta tura wa Mai Turare tun ƙarfe tara na safe yana nan yadda ta bar shi. Alama ta nuna ya karanta. Amsa kuwa ko "to" babu.

Ga shi sha biyu ta gota, ƙarfe biyu kuma Manajar kamfanin sabulu za ta kira shi.

Kwangilar shekara guda ce. Duk takardar da za a liƙa a jikin kwalaben kamfanin da kwalayensa, Auta ce za ta zana. Shekara uku tana aikin kanta a ɗan ɗakin nan, teburi ɗaya, kwamfuta ɗaya, fanka mai kuka, ba ta taɓa ganin aiki mai girman wannan ba. An gama magana, saura abu ɗaya: su kira mutum uku da ta taɓa yi wa aiki su ji ta bakinsu. Ta cike fom, ta sa hannu a inda aka rubuta cewa duk ukun 'yan kasuwa ne na gaskiya kuma babu ɗan'uwanta a ciki. In aka samu akasin haka an soke kwangila, kuma za a sanar da shafin intanet ɗin da take samun aiki a kai.

Ko sau biyu ba ta karanta wurin ba. Tsoron me za ta ji?

Sunan Mai Turare ta fara rubutawa. Shi ne kwastomanta na farko a duniya, aiki goma sha huɗu ta yi masa, kuma babu wanda ya kai shi ba ta wahala. Sai dai ba ta taɓa jin muryarsa ba, don tun ranar farko ya ce mata shi ba ya son kira, a rubuto masa.

"Yau kam sai dai ka yi haƙuri, bawan Allah," ta faɗa ita kaɗai.

Ta danna kira, ta kara a kunne. Ya shiga.

A daidai lokacin wata waya ta fara kuka a bayan bango.

Auta ta yamutsa fuska. Bangon nan shi ya raba ɗakinta da siton Baba, inda ya jibge gwangwanayen fenti da tsofaffin alluna tun da ya rufe shagonsa na rubuta allon shaguna. Babu mai shiga sai shi. Wayar Baba kuma ta san kukanta, 'yar ƙarama ce mai madannai, in ta yi ƙara har maƙwabta sai sun ji. Wannan ba ita ba ce.

Ta katse kiran don ta saurara.

Kukan ya tsaya.

Ta sake dannawa.

Kukan ya dawo.

Jama'a, sai da ta yi haka sau huɗu kamar mai gwada makunnin lantarki. A na huɗun ba ta katse ba. Ta miƙe ko takalmi babu, ta zagaya ta bayan gida, wayar na hannunta tana ta ringin.

Kwaɗon siton yana rataye a buɗe. Ta tura ƙofar, warin kananzir da tsohon fenti ya tare ta. Ta bi kukan. Ta wuce allunan da ke jingine, ta wuce daurin burusai, ta tsaya a gaban wani babban gwangwani da aka wanke tas aka rufe da murfi.

Ta ɗaga murfin.

Waya ce babba, a naɗe cikin tsumma, gefenta ya ɗan tsage. Tana haske tana karkarwa. A kan fuskarta an rubuta sunan mai kira da manyan baƙaƙe:

AUTATA.

Ta zauna a kan wani gwangwanin, waya a hannun dama, waya a hannun hagu, ɗaya na kiran ɗaya.

"Ajiye."

Ta ɗago. Baba ne tsaye a bakin ƙofa, ya tare hasken rana.

"Baba..."

"Na ce ki ajiye."

"Baba, wayar wa ce wannan?"

Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar.

Zuciyar Auta ta shiga nema masa mafita da kanta, don abin da take gani ya fi ƙarfin kanta.

"Abokinka ne ko? Mai Turaren abokinka ne, ya ba ka ajiya? Baba, ka ce min haka ne. Wallahi zan yarda."

Baba ya buɗe baki. Allah kaɗai ya san abin da ya yi niyyar faɗa, don a daidai nan ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida, sai ga Yaya, babban wanta, ya faɗo a guje da kayan aikinsa a jiki, ko hular kwano bai cire ba.

"Baba, na taho! Kar dai ka ba ta amsa tukuna, bari mu fara kashe wa..."

Ya hango ta.

Ya hango wayar.

"...yar," ya ƙarasa a hankali.



"Yaya," Auta ta ce, muryarta kamar ba tata ba. "Har da kai?"

"Ni... ni turawa kawai nake koya masa."

"Turawa."

"Da sa hoto. Da... wallahi sau nawa ina ce masa mu faɗa miki."

"Kai, rufe min baki," in ji Baba.

Umma ta taso daga wurin wanki, hannunta duk kumfa, tana gogewa a zaninta.

"Lafiya kuka taru a cikin ƙura? Kai kuma me ya dawo da kai da rana tsaka? An kore ka ne?"

Auta ta miƙa mata wayar kawai.

"Ta wa ce?"

"Ta Mai Turare ce, Umma."

"To me take yi a gidana?"

Auta ta nuna Baba da ido.

Umma ta dubi wayar, ta dubi mijinta, ta sake duban wayar. Sai ta dafe ƙirji.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam? Kai ne?"

Baba ya kau da kai.

"Kai ne mutumin da ya sa 'yata ta sake zane ɗaya sau bakwai? Kai ne wanda na zauna a gabanka ina cewa Allah ya isa, mutumin nan ba shi da imani, kana gyaɗa kai kana cewa ai mutanen yanzu sai addu'a?"

"To me kike so in ce?"

"Har cewa na yi da na san gidansa da na je na ga matarsa, in tambaye ta yadda take zaune da shi!"

Yaya ya fashe da dariya, ya ga babu mai taya shi, ya haɗiye abarsa.

Auta kam ko murmushi ba ta yi ba. Kanta ne ke juyawa. Saƙonnin Mai Turare suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ki ba harafin nan iska, ya shaƙe ɗan'uwansa. Ki juya zanen kansa ƙasa ki duba, ido ba ya yi wa abin da ke kife kara. Ki ja da baya taku goma, in mai keke da ke wucewa ba zai karanta ba, ba ki gama ba.

Taku goma! Tana 'yar shekara shida tana zaune a kan benci a shagon Baba, tana kallonsa yana ja da baya yana ƙirga taku, ido ɗaya a rufe. Ta yaya aka yi ba ta gane ba? Shekara uku! Ita da take ganin kanta mai wayo.

"Me ya sa?" ta tambaya.

"Tashi mu je ciki."

"A nan zan ji, Baba. Me ya sa?"

Tun da aka haife ta ba ta taɓa mayar masa da magana haka ba. Umma ta buɗe baki za ta tsawatar, Baba ya ɗaga mata hannu. Ya jawo wata tsohuwar kujera mai ƙafa uku da rabi, ya zauna a hankali.

"Kin tuna watan da kika bar aikin ofis?"

"Na tuna. Ka ce aikin da babu ofis, babu shugaba, babu ƙarshen wata, zaman banza ne da kwamfuta."

"Na faɗa. Tsoro ne ya sa ni. Na ga yadda sana'ar hannu take mutuwa mutum yana tsaye a kanta." Ya nuna allunan. "Amma da na ga kin dage, sai na shigo ɗakinki wata ranar Laraba. Kina zana wani tambari. Na ce miki haruffan nan sun cushe, kawo in nuna miki. Me kika ce min?"

Auta ta shiga jujjuya wayar da ke hannunta.

"Faɗi mana."

"Ban tuna ba."

"Ni na tuna. Ko ɗagowa ba ki yi ba. Kika ce, Baba don Allah, zamanin burushi ya wuce."

Umma ta ce, "Ke! Ke kika faɗa masa haka?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ta tuna sarai. Ta tuna har yadda ya ja mata ƙofa a hankali da zai fita. A lokacin ko a jikinta, ta ci gaba da aikinta.

"Ban yi fushi ba," in ji Baba. "To, na yi, na kwana biyu. Amma shekara talatin da biyar ina rubuta allo, na san aikin da zai sayu da wanda ba zai sayu ba. Naki ba zai sayu ba, Auta. Kina da hannu, ido ne ba ki da shi tukuna. Wata huɗu kina zaune babu wanda ya ƙwanƙwasa. Ta bangon nan nake jin kukanki. Ranar da na ji kina ce wa uwarki za ki koma ki roƙi tsohon shugabanki ya mayar da ke, ranar na kira yayanki na ce ya nemo min waya."

"Da ka sake yi min magana..."

"Da kin ji?"

Auta ta kau da ido.

"Ubanki ba za ki ji maganarsa ba. Baƙon da zai biya ki kuwa, in ya ce sake, jiki na rawa za ki sake. To sai na zama baƙon."

Hawaye suka zubo mata. Ba ta share ba.

"Da me ka biya ni?"

Baba ya dubi ƙasa.

Yaya ya yi gyaran murya. "Injin feshi."

"Kai!"

"Ai ta riga ta ji, Baba. Injin feshi, da dogon tsanin ƙarfen nan."

Umma ta sake dafe ƙirji. "Tsanin da ka ce min ka ara wa abokinka ya hana? Wanda na daina amsa gaisuwar matarsa a kansa?"

"Ki ci gaba da amsawa, ba su da laifi."

"Yau na ga abin da ya ishe ni!"

Auta ta miƙe tsaye, ƙafarta ta bugi murfin gwangwanin ya yi ƙara.

"To turaren fa? Hotunan da kake turo min? Kwalabe a jere a kan kanta, da zanena a jiki? Na sa su a gaban kundin ayyukana, Baba! Duk wanda ya buɗe shafina su yake fara gani. Ina shagon yake?"

Yaya ne ya taka a hankali, ya kama wani babban allo da ke jingine da bango, ya janye shi gefe.

Kanta ce ta katako, an goge ta tana ƙyalli, ita kaɗai ce babu ƙura a duk siton. A kanta kwalabe goma sha huɗu a jere, kowace da takardarta a liƙe, babu wadda ta karkace ko da ƙwayar gero. Aikinta na farko yana daga hagu, mummuna, haruffa sun hau juna. Na ƙarshe yana daga dama.

Auta ta ɗauki ɗaya. Ta buɗe. Ta shinshina.

Babu ƙamshin komai.

"Ruwa ne," in ji Yaya. "Da ɗigon fenti."

Kwalbar ta kusa suɓuce mata. Ta mayar da ita da hannu biyu.

"Ke nan babu Mai Turare."

"Babu."

"Babu shago. Babu masu saye. Saƙon da ka turo min cewa kwastomomi suna ta yaba kwalbar, har an ƙara oda..."

"Ni na yaba."

"Wayyo Allah na!" Ta ɗora hannu a ka. "Na shiga uku! Ashe duk ƙarya nake zaune a kai! Ina yawo ina ba mutane shawara yadda za su fara aikin kansu, ina cewa ni babu wanda ya riƙe min hannu, da guminna na samu kwastoman farko. Ashe ubana ne a bayan bango yana min wasan yara!"

"Auta!" Umma ta daka mata tsawa.

"Ƙyale ta," in ji Baba. Ya ɗago ya dube ta sosai. "Mai gidan burodi ni ne?"

"A'a."

"Matar da ke ɗinka jakunkuna fa? Masu makarantar nan? Mai kantin magani? Su ma a gwangwani suke?"

"A'a."

"Kamfanin nan da ke nemanki, ni na rubuta musu?"

Ta girgiza kai.

"To. Ni ƙofa na tura miki, ƙafarki ce ta shiga. Tun aiki na uku kin wuce buƙatar Mai Turare. Tun na shida kin fi ni."

"To me ya sa ba ka daina ba? Har goma sha huɗu, Baba! Na ƙarshen watan jiya ne!"

Nan ne muryar Baba ta karye. Mutumin da ko ranar da ya rufe shagonsa da hannunsa ba a ga idonsa ya yi ja ba.

"Na so in daina. Yayanki shaida ne, sau uku ina ba shi wayar ya tafi da ita, ina aikawa ya dawo min da ita."

"Sau huɗu," in ji Yaya ƙasa-ƙasa.

"A gidan nan me ke haɗa ni da ke? Ina kwana Baba, sannu da gida Baba, ga abincinka Baba. Shi ke nan. Amma a cikin wayar nan..." Ya miƙa hannu, ta ba shi ita ba tare da ta san ta ba shi ba. Ya shafa tsagewar da babban yatsansa. "A nan kina tambayata. Kina ce min, ranka ya daɗe, wane launi kake gani zai fi? Kina ce min na gode, yau na koyi abu. Ran nan har kika rubuto cewa da ma a ce kin samu malami irina tun kina ƙarama."

Auta ta toshe bakinta da hannu.

"Na karanta shi ya fi sau ɗari. Ki ce min ta yaya zan daina?"

Umma ta juya baya tana share ido da gefen zani, tana faɗin, "Kai Malam, kai Malam, Allah ya shirye ka."

Ni kaina mai ba ku labarin nan sai da na ajiye waya na nemi ruwa.

Auta ta durƙusa a gabansa, a kan simintin da fenti ya ɗiɗɗiga shekara da shekaru. Tana son ta ce ya yafe mata, tana son ta yi masa ihu. Haushi take ji, kunya take ji, tausayinsa kuma ya fi su duka.

Yaya ne ya dawo da su duniya.

"Ku yi haƙuri fa, amma ƙarfe ɗaya ta wuce."

Fom! Auta ta manta da fom ɗin shaf.

"Na sa hannu," ta ce. "Baba, na sa hannu cewa Mai Turare ɗan kasuwa ne na gaskiya. Na sa hannu cewa ba ɗan'uwana ba ne."

"Na gani a saƙonki. Shi ya sa tun safe na kasa zama, har na manta ban kashe wayar ba."

"Ai ba ki sani ba lokacin da kika sa hannun," in ji Umma. "Sai ki faɗa musu ba ki sani ba."

"Wa zai yarda, Umma? Gida ɗaya muke kwana! In ce musu shekara uku ina yi wa mahaifina aiki ta bayan bango ban sani ba? Ko ni aka faɗa wa ba zan yarda ba."

"To ki kira Manajar yanzu ki canza sunan," in ji Yaya. "Ki ce mutumin ya yi tafiya, ki ba su mai kantin magani."

"Ba za ta karɓa ba. Da bakinta ta ce min kwalaben turaren nan ne suka sa suka zaɓe ni. Ta ce sauran biyun ma'aikatanta za su kira, shi kuwa ita da kanta, tana son ta ji yadda kayan suka karɓu a kasuwa."

"Tirƙashi."

"In suka gano, ba kwangilar kaɗai ba ce. Za su rubuta wa shafin. A rufe ni. Mai gidan burodi zai ji, masu makaranta za su ji. Sunana shi ne shagona, Yaya, ba ni da wani."

Yaya ya cire hular kwanon sai yanzu, ya share gumi.

"Kawo wayar, Baba. Ni zan ɗauka. In ƙara wa muryata kauri, in ce ni ne Mai Turare, aikinta ya yi kyau, kaya suna tafiya, sai an jima. Minti biyu an wuce wurin."

"In ta ce za ta aiko a sayo kwalba ɗaya fa?" in ji Umma. "Ruwan fentin za ka sayar mata? Ramin ƙarya ƙurarre ne, yaro."

"To Umma a bar ta ta rasa komai?"

"Ni ban ce ba!"

"Ba wanda zai ɗauka sai ni," in ji Baba. Ya damƙe wayar a hannunsa. "Ni na ƙulla, ni zan kwance. Na yi ƙaryar shekara uku saboda ita, ta minti biyu ba za ta gagare ni ba. In kuma gaskiya take so, ita ma bakina bai manta yadda ake faɗinta ba." Ya dubi Auta. "Amma sana'arki ce. Sau ɗaya na yanke miki hukunci ba da saninki ba, ga inda ya kawo mu. Wannan karon ke za ki faɗa."

"Baba, ban sani ba."

"Kina da kusan awa guda. Ki je ki wanke fuska, ki zauna ki yi..."

Wayar ta ɗauki kuka.

Su huɗun suka zabura lokaci ɗaya. Umma ta saki salati.

"Ɗaya da kwata fa!" in ji Yaya. "Ba biyu aka ce ba?"

Auta ta leƙa fuskar wayar a hannun Baba. Lambar ba ta da suna, amma ta san ta kamar yunwar cikinta, sati uku ke nan tana jiran kiranta kullum.

"Ita ce," ta ce da raɗa. "Manaja ce."

Wayar na ta kuka. Baba ya kama ta da hannu biyu kamar za ta tsere masa. Bai taɓa amsa kira a wayar nan ba tun da aka saya, rubutu kawai aka koya masa.

"Bar ta ta katse," in ji Yaya.

"In ta katse ta kira Auta fa?" in ji Umma.

"Ku yi min shiru!" Baba ya matso da fuskarsa kusa da ta 'yarsa, yatsunsa na ta zamewa a kan gilashin. "Auta, dube ni. Dube ni nan. Babu lokaci."

Ta ɗago, idonta jawur.

"Faɗa min abu ɗaya kawai, in yi shi." Ya ɗaga murya yadda ya saba, don shi Baba bai iya raɗa ba. "Wa zan ce mata ni ne? Mai Turaren da babu shi, ko ubanki?"

Auta ta buɗe baki za ta amsa.

Sai a lokacin ta lura siton ya yi tsit.

Wayar ta daina kuka.

Ta kai idonta hannun Baba. Babban yatsansa yana kwance a kan koren madanni. A saman gilashin lambobi suna tafiya. Sakan tara. Sakan goma. Sha ɗaya.

Wata siririyar muryar mace ta fito daga cikin wayar, a nutse, kowace kalma ita kaɗai.

"Gafara dai, malam. Ka ce uban wa?"